Hotunan ɓawon dayatom: ina halitta ta tsaya, ina hannun mai hoto ya fara?

Duk lokacin da aka fitar da sakamakon wata gasar hotunan ƙananan halittu, sai ka ga hotunan sun bazu a Facebook da WhatsApp. Wasu kamar faifai, wasu kamar aikin hular zanna, wasu kamar kwalekwale, shuɗi da ruwan zinare a kan baƙin fili. A ƙasa an rubuta cewa ɓawon wata halittar ruwa ce da ake kira dayatom. Daga nan sai gardama ta kaure. Wannan ya ce ƙirƙirarriyar basira ce ta zana, wancan ya ce fenti aka shafa. Wani kuma abin ya burge shi, ya sayo madubin duba ƙananan halittu da aka rubuta wa "sau 2000" a kwali, ya ɗiga ruwan kududdufi ya leƙa, bai ga komai ba sai dishi-dishi.

To, me ke cikin irin wannan hoto da haka aka halicce shi, me mai hoton ya ƙara? Kuma me ya sa mutum biyu za su riƙe madubi iri ɗaya, ɗaya ya fito da ƙananan ramuka reras, ɗayan ya fito da hazo?

Batun ƙirƙirarriyar basira shi ya fi sauƙin warwarewa. Gasar Nikon Small World tun 1975 ake yin ta. A 2008 Michael Stringer na Birtaniya ya zo na ɗaya da hoton dayatom ɗin teku mai suna Pleurosigma, a 2013 kuma Wim van Egmond na Holan ya lashe da hoton Chaetoceros debilis. Duka biyun sun riga manhajojin da ke ƙirƙiro hoto daga rubutu. Yanzu akwai na bogi a intanet, babu musu, amma sana'ar ta girme su nesa ba kusa ba.

Mece ce dayatom?

Dangin gansakuka ce, sai dai ƙwayar halitta guda ɗaya tak ce. Tana rayuwa a teku, da kogi, da tafki, har da danshin ƙasa, tana haɗa abincinta da hasken rana kamar tsiro. Masana na ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga gare ta yake. Yawancinsu girmansu na tsakanin maikuron 2 zuwa 200 ne. Maikuron ɗaya shi ne milimita ɗaya an raba ta gida 1,000, kaurin gashin mutum kuwa yana tsakanin maikuron 50 zuwa 100.

Abin da ya ja hankalin masu hoto shi ne gidanta. Da silika take gina shi, wato sinadarin yashi da gilashi, kuma gida ne mai ɓari biyu kamar batta da murfinta: ɗaya ya ɗan fi girma, ya hau kan ɗayan. Jikin ɓawon cike yake da ramuka da layuka da aka jera bisa tsari, kuma kowane jinsi da irin nasa zanen, da shi ma ake gane su. Akwai masu zagaye kamar tsabar kuɗi, waɗanda suka fi yawa a teku, akwai dogaye masu kama da jirgin ruwa, da yawansu suna da tsaga a tsakiya da suke rarrafe da ita. Idan halittar ta mutu naman ya ruɓe, gilashin yana nan, yana iya yin shekaru miliyoyi a ƙarƙashin laka.

Don haka zanen da ake gani, ramukan da layukan da daidaiton, na halitta ne. Jerin da launin su ne ke buƙatar bayani.

Jeri da launi

Idan ka ga dayatom ɗari an jera su sun ba da siffar fure ko tauraro, wannan aikin hannu ne. Ba haka suke zama a ruwa ba. Fasahar ta bunƙasa a Turai a ƙarni na 19, kuma gwaninta shi ne Johann Diedrich Möller, mutumin Wedel kusa da Hambag a Jamus. A 1891 ya kammala wani silaid, wato ɗan fallen gilashin da ake ɗora abin dubawa a kai, da ya jera iri 4,026 a fili da bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, kimanin milimita 6 da 6.7. A zamanin nan Klaus Kemp na Ingila, wanda ya rasu a 2022, shi ya raya sana'ar. Yadda ake yi: a shafa ɗan danƙo siriri a gilashi, a ɗauki ɓawo ɗaya-ɗaya da gashi guda ko zaren gilashi ana kallo ta madubi, a ajiye inda ake so, sannan a hura masa numfashi kaɗan don danshin ya farkar da danƙon ya kama.

Launi kuwa hanya huɗu yake zuwa, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba.

Mai rai launinta ruwan zinare ne mai duhu, daga sinadaran kama haske da ke cikinta. Wannan nata ne. Ɓawon da aka wanke kuwa ba shi da launi ko kaɗan, gilashi ne garau. Amma idan aka haska shi daga gefe a kan baƙin fili, ramukan da ke jere suna warwatsa hasken kamar yadda bayan faifan CD ke yi, sai ka ga shuɗi ko ja-ja. Babu wanda ya shafa shi, amma da an sauya kusurwar hasken launin zai sauya. Na uku shi ne launin da ake sakawa a hanyar hasken da gangan. Julius Rheinberg ya bayyana dabarar a 1896: a yanka roba mai launi biyu, tsakiya shuɗi, gefe ja misali, a sa ƙarƙashin matattarar haske, wato gilashin da ke ƙasan silaid mai tara hasken fitila a kan abin dubawa, sai filin ya zama shuɗi, ɓawon ya zama ja. Na huɗu shi ne hoton madubin ilektoron. Wannan na'ura ba ta san launi ba, toka-toka take bayarwa, duk launin da ka gani a irin hotonta a kwamfuta aka sa shi. Mai cewa "fenti ne" a nan kaɗai ya yi daidai.

Ruɗanin "sau 2000"

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Ƙara girma daban, rarrabe abu biyu da ke kusa da juna daban. Idan ka ɗauki hoton jarida da waya ka yi ta buɗe shi da yatsa, harafin zai yi girma amma ba sabon abin da zai bayyana. Haka madubi yake.

A jikin kowane lensin ƙasa, wato gilashin da ke fuskantar abin da ake dubawa, akwai lamba biyu, misali 40/0.65. Ta farko ƙarin girma ce. Ta biyun, wadda ake kira NA, ita ke faɗin yawan faɗin hasken da lensin ke iya tarawa, kuma ita ce ke yanke hukunci. Ernst Abbe, wanda ya yi aiki da kamfanin Carl Zeiss a garin Jena, ya fitar da ƙa'idar a 1873: mafi ƙanƙantar tazarar da lensi zai iya rarrabewa ita ce tsawon zangon hasken a raba shi da ninki biyu na NA. Koren haske zangonsa kimanin maikuron 0.55 ne. Sai lissafin ya zama haka: lensi 10/0.25 yana rarrabe maikuron 1.1, lensi 40/0.65 yana rarrabe 0.42, lensi 100/1.25 da ake ɗiga wa mai yana rarrabe 0.22. Mafi tsadar lensi mai NA 1.4, da shuɗin haske, da ƙyar yake sauka zuwa 0.16. Iyakar ke nan ga madubin haske na yau da kullum, ko nawa aka saye shi.

Daga wannan aka samo ƙa'idar da masu sana'ar ke bi: ƙarin girma mai amfani ba ya wuce NA sau 1,000. Lensi mai NA 1.25 iyakarsa kusan sau 1,250. "Sau 2000" da ke kwali ana samun sa ne ta hanyar sa lensin ido mai lamba 20 a kan lensin ƙasa mai lamba 100. Lissafin daidai ne, hoton ne fanko. Ƙananan na'urorin nan masu kama da tocila da ake jonawa da waya, masu iƙirarin sau 1,000 ko 1,600, suna auna girman hoton a fuskar allo ne kawai. Suna da amfani wajen duba ƙwaro ko waldar waya, amma ramukan dayatom sun fi ƙarfinsu.

Abin sha'awa, tun ƙarni na 19 da dayatom ɗin ake gwada ingancin lensi, domin tazarar layukanta sananniya ce. Pleurosigma angulatum tana da ɗigo-ɗigo masu tazarar kimanin rabin maikuron, lensi 40/0.65 mai kyau, da haske da aka saita daidai, zai nuna su. Amphipleura pellucida ita ce zakaran gwajin dafi: layuka kusan 40 a cikin maikuron 10, wato tazarar kimanin 0.25. Ba a ganinsu sai da lensin mai, a kuma ɗiga mai tsakanin matattarar haske da ƙasan silaid, a karkato hasken daga gefe. Idan aka bar iska a wannan tsakanin, NA na matattarar ba zai kai 1 ba, rarrabewar ta koma wajen 0.26, layukan su ɓace. Mutane da yawa sun zargi lensinsu alhali ɗigon mai ɗaya ne ya rage.

Haka batun kyamara yake. Lensi 40/0.65 yana nuna fili mai faɗin kusan maikuron 500. Raba shi da 0.42, za ka samu wajen ɗigo 1,200 da ake iya rarrabewa. Ko ka ba kowanne fiksel biyu, 2,400 ke nan a faɗi, abin da megafiksel 5 ko 6 ya ɗauke. Wayar da ke aljihunka ta wuce haka. Mai kuɗi kaɗan ya sa su a lensi da matattarar haske, ba a kyamara ba. Tsohon madubin ɗakin gwaje-gwaje mai matattarar da ke hawa da sauka, irin wanda ake duba jinin zazzaɓin cizon sauro da shi, ya fi sabon na kwali mai manyan lambobi.

Samo su da wanke su

Launin da ake nema a bakin ruwa ba kore ba ne. Koren zare-zare wata gansakukar ce. Dayatom tana fitowa ne a matsayin santsi mai launin ƙasa-ƙasa a kan dutse, ko jikin ciyawar ruwa, ko saman laka. A ɗauko duwatsu huɗu ko biyar daga inda ruwa ke ɗan gudu, a goge samansu da tsohon buroshin haƙori a cikin roba mai ɗan ruwa, a juye a kwalba, a rubuta wuri da rana. A sa safar hannu, kada kuma a shiga ruwan da ke kwance da ƙafa tsirara, saboda tsargiya.

Idan laka ce, akwai dabarar raba su da ita ba tare da wahala ba. A zuba lakar a faranti, a tsiyaye ruwan saman, a shimfiɗa takardar goge lensi ninki biyu, a ajiye kusa da taga inda rana ba ta bugawa kai tsaye. Bayan sa'o'i, masu rarrafe za su hau ta cikin takardar suna bin haske, sai a ɗage ta sama a ɗauraye.

Kafin a wanke, a ɗiga kaɗan a duba su da rai. Amma zanen ɓawon ba ya fita sosai sai an kawar da naman ciki. Hanya uku ake bi.

Ta ɗakin gwaje-gwaje ita ce haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 30: kimanin mililita 20 a kan mililita 5 na samfur, a ɗumama zuwa wajen digiri 90 na awa ɗaya zuwa uku har ruwan ya yi fari, sannan a ɗiga asid mai rauni don narkar da alli. Wannan ba aikin ɗakin kwana ba ne. Yana ƙona fata, yana tafasowa ba zato, sai da gilashin kare ido da wurin da ke zuƙe hayaƙi. Feroksaid ɗin kemis mai kashi 3 ko 6 yana yi, amma sai an jira kwanaki.

Ta gida ita ce bilic na wanki: a zuba daidai yawan samfurin, a riƙa girgizawa, a bar shi minti 30 zuwa awa ɗaya. Kada a bar shi ya kwana, domin bilic yana cin silika a hankali, siraran ɓawo su zaizaye. Kuma kada a taɓa haɗa bilic da asid, iskar kulorin suke fitarwa, mai kisa ce.

Ta uku ƙonawa ce. A busar da ɗigon samfur a kan murfin gilashi, wato siririn gilashin da ake rufe samfur da shi a kan silaid, a ɗora a faifan ƙarfe bisa wutar gas, zai yi baƙi sannan ya koma fari-fari cikin minti 10 zuwa 20. Amfaninta shi ne ɓari biyun ba sa rabuwa, sarƙar masu zama a jere ma ba ta tsinkewa. Illarta toka, kuma idan wuta ta yi yawa gilashin ya lanƙwashe.

Ɗauraya ita ce inda haƙuri ke ƙarewa. Bayan feroksaid ko bilic, a cika bututun gwaji da tataccen ruwa, a bar shi ya kwana don ɓawon ya kwanta, a zuƙe ruwan sama da sirinji a hankali, a sake cikawa. Sau huɗu ko biyar, kusan mako guda ke nan ga wanda ba shi da injin juya bututu da ke sa ɓawon ya kwanta da sauri. Wanda ya yi gaggawa zai zubar da ƙanana ya bar manya kawai. Wanda ya taƙaita zai ga gishiri ya bushe a kan ɓawon kamar ƙanƙara. Ruwan burtsatse da na leda duk suna barin gishirin nan, sai ruwan da aka tace ta tururi. Ana samun sa a shagon kayan asibiti. Wanda zai nema wajen masu batir ya bayyana abin da yake so da kyau, domin "ruwan batir" a bakin wasu asid ne.

Abin da ake nutsar da su a ciki

Wannan shi ne sirrin da hoton ba ya nunawa. Gilashi a cikin ruwa ba ya ganuwa sosai, kowa ya san haka daga wanke kofi. Abu garau yana bayyana ne gwargwadon bambancin yadda yake lanƙwasa haske da abin da ke kewaye da shi. Ma'aunin silikar dayatom kimanin 1.43 ne. Ruwa 1.33, bambanci 0.10. Danƙon Kanada balsam, wanda aka daɗe ana lika silaid da shi, kimanin 1.52, bambanci 0.09, shi ya sa dayatom ke kusan ɓacewa a cikinsa. Danƙon da aka yi musamman don wannan aiki, irin su Naphrax da Pleurax da Zrax, suna kaiwa 1.7 ko ɗan sama, bambancin ya ninka uku. A iska bambancin ya fi haka ma, 0.43, don haka wanda bai samu danƙo ba zai iya kifa busasshen murfin a kan silaid ya like gefuna da jan farce. Zai ga abu, sai dai gefen ɓawon zai yi baƙi ƙirin, kuma lensin mai ba zai ba da cikakken ƙarfinsa ba.

A kan murfin gilashi ake busar da samfurin, ba a kan silaid ba. Dalili: an ƙera lensi ne ya duba abin da ke manne da ƙasan gilashi mai kaurin milimita 0.17, lambar ma tana rubuce a jikinsa. Idan ɓawon yana can ƙasa a ƙarƙashin danƙo mai kauri, hoton zai yi hazo komai ingancin lensin. A tsarma samfurin har sai ya yi kamar ruwan da aka ɗiga wa nono ɗigo ɗaya, a zuba kamar rubu'i zuwa rabin mililita a murfi mai faɗin milimita 18 ko 22, a kifa masa kwano ya bushe da kansa. Fanka ko zafi suna tura ɓawon su taru a gefe kamar zobe. Idan ya bushe, a ɗiga danƙo a silaid, a kifa murfin, a ɗora a kan abin ɗumamawa mai wajen digiri 130 har kumfa ta daina tashi, a sauke, a ɗan danna. Naphrax yana zuwa da sinadarin toluwin, tururinsa ba na shaƙa ba ne, a yi a waje.

Haske da girgiza

Tsarin saita haske da August Köhler ya bayyana a 1893 har yau shi ake bi, kuma ba ya cin minti biyu. A saita hoton da lensi mai lamba 10. A tsuke ƙofar hasken da ke kan fitila har a ga gefenta. A ɗaga ko a sauke matattara har gefen ya fito sarai, a kawo shi tsakiya da kusoshinta biyu, a buɗe har ya fita daga fili. Sannan a zare lensin ido, a leƙa bututun, a buɗe ƙofar matattarar har haske ya cika kusan kashi uku cikin huɗu na da'irar. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne rage haske da wannan ƙofa ta biyu. Tsuke ta yana sa hoton ya yi kamar ya fi fitowa, amma yana rage NA, ƙananan ramukan su haɗe, a samu layukan ƙarya a gefe. Idan haske ya yi yawa, a rage daga fitila.

Baƙin fili ba ya buƙatar sayen komai ga ƙananan lensuna. A yanka baƙar takarda zagaye, a manna a tsakiyar roba garau, a sa ƙarƙashin matattara, a buɗe ƙofarta duka. Girman ya danganta da madubin, a gwada daga milimita 8 zuwa 18. Idan aka zame takardar gefe guda, an samu karkataccen haske, wanda ke fito da layuka kamar an sassaƙa su.

Da waya, a sayi ko a haɗa mariƙin da zai riƙe ta daidai kan lensin ido, a kulle fokas da haske don kada ta riƙa sauyawa, a sa agogon daƙiƙa biyu ko uku. A ƙarin girma sau 1,000, taku a ɗaki ko janareto a bayan taga ya isa ya ɓata hoto. Da babbar kyamara, a yi amfani da rufewar lantarki marar motsi. Lensuna masu araha suna barin shuɗi da ja a gefen abu. Tunda ɓawon ba shi da launi, a sa koren gilashi a kan fitila, a mayar da hoton fari da baƙi, matsalar ta kau.

Hoto hawa-hawa, da inda aka rabu

Lensi 40/0.65 yana nuna kauri na kusan maikuron ɗaya ne kawai sarai, lensin mai kuwa kimanin rabin haka. Ɓawo mai tudu na maikuron 15 ba zai taɓa fita duka a hoto ɗaya ba. Shi ya sa ake ɗaukar hoto 20 zuwa 40, ana murɗa ƙaramin makunnin fokas kaɗan-kaɗan, sannan manhaja ta tsinto inda ya fita a kowanne ta haɗa. Helicon Focus da Zerene Stacker na kuɗi ne, Picolay da CombineZP kyauta. A riƙa murɗawa ta gefe ɗaya kawai, domin makunnin yana da ɗan sako-sako idan aka juya baya.

A nan ne gaskiyar hoto ke shiga haɗari, ba a launi ba. Ɓawon garau ne, don haka idan aka ci gaba da sauka, ɓarin ƙasa zai bayyana ta cikin na sama, manhaja ta haɗa zane biyu a fili ɗaya, ta fitar da abin da babu shi. Rami ɗaya kuma yana fitowa farin ɗigo a wani mataki, baƙin ɗigo a mataki na gaba, sai a samu hoto rabi fari rabi baƙi. Maganinsa a tsaya a tsakiyar ɓawon, a kuma kwatanta sakamakon da hotuna ɗaiɗai kafin a yarda da shi.

Masu nazarin jinsi da yawa sun fi son hoto guda, fari da baƙi, da ma'auni a gefe, domin su ƙirga layuka nawa ne a maikuron 10. A wurinsu duk gyara ƙofar kuskure ce. Masu neman kyau suna cewa ido ma haɗawa yake yi, mai leƙa madubi hannunsa ba ya barin makunnin fokas, hoton hawa-hawa abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta haɗa ne yake nunawa. Hujjarsu tana da ƙarfi, muddin an faɗi abin da aka yi. Goge ƙura daga fili ba laifi ba ne. Cike gurbin ɓawon da ya karye da zanen da aka kwafo daga wani gefe, ko barin manhaja ta ƙago ramukan da lensin bai gani ba, wannan ya tashi daga hoto ya koma zane.

Mai kallo a waya yana da abin tambaya uku: sunan jinsin, lensin da irin hasken da aka yi amfani da su, da ma'auni. Rubuta "sau 400" a ƙarƙashin hoto ba ya nufin komai, tunda girmansa a waya daban, a allon kwamfuta daban. Ɗan layi mai cewa maikuron 10 shi ne shaida, kuma ana samun sa ne ta ɗaukar hoton silaid mai ma'auni, milimita ɗaya da aka raba gida 100, da lensin da aka yi aikin.

Abin da ya shafi wanda ba shi da madubi

Kowane jinsi da ruwan da yake so: wani mai tsabta, wani mai gishiri, wani mai taki da ƙazanta. A ƙasashen Tarayyar Turai ana ƙirga ɓawo 300 zuwa 400 daga duwatsun kogi don a yanke hukunci kan lafiyar ruwan, kuma kayan aikin su ne waɗanda aka lissafa a sama. Ɗalibin da ya iya haɗa silaid mai kyau ya riga ya iya rabin wannan aiki. Likitocin binciken gawa ma kan nemi dayatom a ɓargon ƙashi don gane ko mutum ya nutse ne da ransa, ko da yake masana ba su haɗu a kan ƙarfin wannan shaida ba. Ƙasar da ɓawon ya taru ya zama, wadda ake kira dayatomait, ana tace ruwa da abin sha da ita, ana barbaɗa ta a hatsi don kashe ƙwari, kuma da ita Alfred Nobel ya haɗa nakiyarsa ta dainamait a 1867. Akwai ta a Bularafa, ƙaramar hukumar Gulani a jihar Yobe. Wadda aka gasa don tace ruwan wurin ninkaya ba ta da amfani ga mai hoto, ƙurarta kuma tana cutar da huhu.

Sai kuma hazon hunturu. A arewacin Chadi akwai kwarin Bodele, busasshen gindin babban tafkin da ya mamaye yankin kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Farar ƙasar wurin ɓawon dayatom ce. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta kwashe ta, ta bi da ita ta kan Nijar da arewacin Najeriya har ta tsallaka tekun Atlantika. Masana na lissafa Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Tun a 1832 ƙura ta sauka a jirgin ruwan Beagle da Charles Darwin ke ciki, kusa da tsibiran Kef Bade, kuma a samfuran da Darwin ya aika wa masanin ƙananan halittu Christian Ehrenberg a Balin, ya ƙirga siffofin halittu 67, galibinsu na ruwan daɗi.

Wanda ke son gwadawa ya ajiye tsabtataccen tire a saman rufi ranar da hazo ya yi kauri, ya wanke abin da ya taru da tataccen ruwa a bututu, ya girgiza, ya jira kamar minti ɗaya yashi ya faɗi, ya juye ruwan sama a wani bututun ya bar shi ya kwana. Abin da ya kwanta shi za a busar a murfi. Yawancinsa yumɓu ne da garin dutse, ɓawon kuma tafiyar ta farfasa shi, don haka da lensi 40 ko na mai za a nema, a hankali, layi bayan layi. Abin da ake farauta shi ne ɗan gutsure mai ɗigo-ɗigo a jere, ko guntun bututu mai kama da gwangwani, siffar Aulacoseira, jinsin da ya cika tsohon tafkin.